Rukunin Adireshi da Rukunin Hidima: Dokar da Ba a Rubuta a Jerin Dokoki Ba

Maganata ta yau a kan wani ɓangare ne na aikin katangar tsaro, wato fayawol, wanda ake koyar da shi a gurguje, alhali shi ke yanke wa zai shiga ina: haɗa adireshi da hidimomi cikin rukuni. Abin da nake son tabbatarwa shi ne rukuni doka ne mai zaman kansa. Duk ma'aikatar da take tantance sauyin doka, amma ta bar kowa ya ƙara ko ya cire mamba a rukuni yadda ya ga dama, tantancewar tata rabi ce.

Mu fara da abin da ya sa ake yin rukunin. Yawancin katangun da ake aiki da su suna karanta dokokinsu daga sama zuwa ƙasa, su tsaya a kan ta farko da ta dace da saƙon, abin da bai dace da ko ɗaya ba kuma su yi watsi da shi. Kowace doka tana amsa tambaya uku: daga ina, zuwa ina, ta wace ƙofa. A ce ofishin kuɗi na wata jami'a yana da kwamfuta 10, suna buƙatar isa ga saba 5 ta ƙofa 4. In za a rubuta ɗaya bayan ɗaya, layi 200 ke nan. In aka tara kwamfutocin a rukuni guda, sabobin a na biyu, ƙofofin a na uku, layi ɗaya ya isa. Cisco ta shigo da wannan tun zamanin na'urorin PIX, kuma har yau a ASA ana rubuta object-group network don adireshi da object-group service don hidima. FortiGate da Palo Alto suna da nasu rukunan, pfSense tana kiransu alias, a Linux kuma akwai ipset, sannan nftables da ya shiga ƙwayar tsarin a 2014. Babu mai hankalin da zai ce a koma layi 200.

To ina matsalar? Rukuni ɗaya yakan bayyana a dokoki da yawa. A ce rukunin masu kula da na'urori yana cikin doka 20. Ranar da wani ya ƙara adireshi ɗaya a cikinsa don ya taimaki wani ɗan kwangila na kwana biyu, ya sauya doka 20 a lokaci guda, amma duk wanda ya duba jerin dokokin zai ga babu harafi ɗaya da ya canza. Tamkar maigadi ne da aka ce masa ya bar 'yan gida su shiga: umurnin bai taɓa sauyawa ba, amma wanda ke riƙe da takardar sunayen 'yan gidan shi ne ainihin mai iko da ƙofar. Sannan adireshi ba ya mutuwa tare da na'urarsa. A kwance saba, a manta da adireshinta a rukuni, bayan wata shida a bai wa wata na'ura wannan adireshin, sai ta gaji duk izinin da ba ta nema ba.

Haɗarin da ya fi wannan ɓuya yana cikin lissafin da ya burge mu ɗazu. Layi ɗaya ya maye gurbin 200 ne saboda katanga tana ninka kowane mamba da kowane mamba. Wannan daidai ne idan da gaske dukkan kwamfutocin suna buƙatar dukkan sabobin ta dukkan ƙofofin, kuma ba kasafai ake samun haka ba. Sabar shafin intanet ƙofa ta 443 take buƙata, sabar MySQL ta 3306, mai kula da na'ura kuma ta 22 don SSH. Idan aka zuba sabobin a rukuni guda, ƙofofin uku a wani, aka haɗa su da rukunin ma'aikata a doka ɗaya, to kowane magatakarda ya sami hanyar ƙwanƙwasa SSH a sabar bayanan kuɗi. Ba wanda ya yi nufin haka, ninkawar ce ta haifar da shi. Haka rukunin hidima da aka sa wa suna irin "hidimomin Windows" yakan haɗiye ƙofa ta 445 da ta 3389, sannan a yi ta amfani da shi a wuraren da ƙofa ɗaya kawai ake so. Ta ƙofa ta 445 ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta yi ta tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Rashin sabunta manhaja ne tushen wancan bala'in, amma faɗin hanyar da aka bari tsakanin na'urori shi ke ƙayyade nisan da irin wannan cuta za ta kai.

Wani zai ce, in haka ne a watsar da rukunin, a rubuta komai a fili. Hujja ba ta goyi bayansa ba. A 2004 Avishai Wool ya wallafa nazarin da ya yi wa tsarin dokoki 37 na katangun Check Point na kamfanoni, ya nuna cewa kurakurai suna ƙaruwa ne gwargwadon sarƙaƙiyar tsarin. Dubban layuka ba sa karantuwa, abin da ba ya karantuwa kuma ba a gyara shi. Sai dai a lura, a ma'aunin sarƙaƙiyar da ya yi amfani da shi ya ƙidaya har da yawan abubuwan da aka ayyana, ba dokoki kaɗai ba. Ma'ana, wanda ya kwashe ruɗani daga jerin dokoki ya cusa shi cikin rukuni a cikin rukuni a cikin rukuni bai rage komai ba, ɓoye shi ya yi. Ga ra'ayina, rukuni ya wuce hawa biyu to ya fara yaudarar mai karatu. Masu cewa rukuni yana sauƙaƙa wa na'ura kuma su duba ASA: a tsarinta na asali na da, takan warware rukunin zuwa layukansa, umurnin show access-list kuma ya nuna duka 200 ɗin. A nan ɗan Adam aka sauƙaƙa wa, saboda haka da idon ɗan Adam za a auna shi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: idan kowane ƙarin mamba sai an bi matakan amincewa, aiki zai tsaya, ma'aikata kuma za su nemi hanyar kewayewa. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a yi wa duk rukunoni hukunci ɗaya ba. Rukunin na'urorin buga takardu ba ɗaya yake da rukunin da ke isa ga sabar albashi ba. Abin da ake buƙata shi ne kafin a taɓa rukuni a duba dokokin da ke amfani da shi, kuma manyan katangun suna da hanyar nuna hakan. Kowane rukuni ya kasance da mai shi, sunansa ya faɗi aikinsa, kuma aiki ɗaya tak. In buƙata ta bambanta, a buɗe sabon rukuni, kada a faɗaɗa tsohon. A kuma yi hattara da zango: wanda ya sa 10.0.0.0/8 a rukuni ya shigar da adireshi sama da miliyan 16 da layi ɗaya, a ido kuwa mamba guda ne kamar sauran.

Saura masu cewa zamani ya wuce duk wannan, tunda Palo Alto tana da rukuni mai cika kansa ta hanyar alamar da aka liƙa wa na'ura, wasu katangun kuma suna karɓar sunan shafi su nemo adireshinsa da kansu. Wannan yana magance matsalar matattun adireshi ƙwarai, musamman inda ake tada sabobi ana kashewa kullum. Amma ikon ya ƙaura ne kawai. Yanzu duk mai izinin liƙa alama, ko mai iko da bayanan DNS na wancan sunan, shi ke rubuta dokar katanga, kuma sau da yawa ba ya ma cikin sashen tsaro. Don haka mai binciken tsaro da zai duba irin wannan tsarin dole ya nemi jerin masu wannan izinin, ya haɗa shi da jerin dokokin, ya karanta su tare.