Sojan Amurka a Littattafan Zane

Tun kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, bangon fitowar farko ta littafin zane na Captain America, mai ɗauke da shekarar 1941, ya nuna jarumin yana kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi. Jarumin takarda na wancan zamani bai san gajiya ko tsoro ba.

Yaƙin Koriya ya sauya salo. Harvey Kurtzman na kamfanin EC, wanda shi ma tsohon soja ne, ya jagoranci Two-Fisted Tales daga 1950 da Frontline Combat daga 1951. Yakan yi bincike mai zurfi kafin a zana ko da bindiga. Sojojinsa suna rawar ɗari cikin taɓo, suna mutuwa babu kirari, abokin gaba kuma mutum ne kamar kowa.

A 1959 Robert Kanigher da Joe Kubert suka fito da Saje Rock a kamfanin DC. Cikin yaransa akwai baƙar fata, Jackie Johnson, alhali a ainihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda labarin ke magana a kai, an ware sojojin Amurka bisa launin fata. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin haɗe su.