Hazaƙa da Adalci



A 1909 William Sidis ya shiga Jami'ar Harvard ta Amurka yana ɗan shekara 11. 'Yan jarida suka yi masa caa, abokan karatu suka mai da shi abin dariya. Ya guji jama'a, ya ƙare a aikin akawu, ya rasu a 1944.

A 2023 kuma, 'yan ƙwallon Amurka na Jami'ar Jihar Florida sun cinye wasanninsu 13, amma kwamiti ya hana su zagayen neman kofi don jagoransu ya karye, ya ɗauki Alabama wadda aka doke sau ɗaya.

Gobe mu ne alƙalai a ofisoshi. Mu ja haziƙi a jiki, mu ba mai ƙwazo haƙƙinsa.