Jawabin Sakatare: Yadda Amurka Ta Yi Da Maganar Ɗan Gari Da Baƙo

 

Kwanakin baya a ajinmu na yaƙi da jahilci wani dattijo ya tambaye ni cewa, tunda an ce daga Amurka muka kwaikwayo tsarin mulkinmu a 1979, shin su ma can ana neman takardar indijin? Amsar wannan tambaya nake son bayarwa yau a gaban jama'a.

Amurka tarayya ce kamar Nijeriya. An rubuta kundin tsarin mulkinta a birnin Filadelfiya a 1787, lokacin jihohi 13 ne, yau kuwa 50. Kowace jiha tana da gwamnanta da majalisarta da dokokinta. To amma da farko kundin bai fayyace wane ne ɗan ƙasa ba. Har ta kai a 1857 Kotun Ƙoli ta yanke wa wani bawa mai suna Dred Scott hukuncin cewa baƙar fata jikan bayi ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, sannan a 1868 aka yi wa kundin gyara na 14. Ga abin da nake so ku riƙe: gyaran ya ce duk wanda aka haifa a Amurka, ko aka ba shi zama ɗan ƙasa, to ɗan Amurka ne, kuma ɗan jihar da yake zaune a cikinta ne. Ba a tambayar inda kakansa ya fito.

Kada ku ɗauka da an rubuta sai kowa ya bi. Jihohin kudu sun yi ta hana baƙaƙen fata jefa ƙuri'a kusan shekara ɗari, sai da aka yi dokar zaɓe ta 1965. Talaka fari ma bai tsira ba. Jihar Kalifoniya ta taɓa yin doka mai hukunta duk wanda ya shigo da matalauci daga wata jiha. Wani mutum mai suna Edwards ya je Teksas ya ɗauko ɗan'uwan matarsa da ba shi da aikin yi, aka gurfanar da shi aka same shi da laifi. Wane ne a cikinmu bai taɓa ɗauko ɗan'uwa daga gida ba? Maganar ta je Kotun Ƙoli, a 1941 ta soke dokar. A 1972 ta soke ta jihar Tenesi mai cewa sai ka shekara kafin ka yi zaɓe. A 1999 kuma ta hana Kalifoniya rage wa sababbin zuwa kuɗin tallafi. Har yanzu dai jami'o'in jihohi sukan cajin ɗalibin wata jiha kuɗi mai yawa, amma yawanci in mutum ya kafa zama na shekara guda ya zama ɗan gida.

Mu kuwa mun ɗauko shugaban ƙasa da gwamnoni da majalisar dattawa, muka baro wannan jimlar. Kundinmu na 1999 a sashe na 41 ya ba mu damar zama ko'ina, na 42 ya hana nuna bambanci, na 43 ya ba mu damar mallakar fili da gida. Amma sashe na 147 ya ce a ɗauki minista daga 'yan asalin kowace jiha, na 318 kuma ya danganta zama ɗan jiha da iyaye ko kakanni. Shi ya sa yaron da aka haifa a nan Sabo, aka haifi mahaifinsa a nan, sai a tura shi garin da bai taɓa gani ba neman takarda.

A ganina, duk ɗan takarar majalisar tarayya da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi matsayinsa a kan gyaran sashe na 318. Ku adana rasidin haraji da takardun haihuwar yara. Wanda aka hana ɗansa makaranta ko aiki saboda indijin, ya same ni bayan sallar isha'i mu rubuta.