Ranar Tayar da Inji Bayan Garambawul: Jawabi a Taron Reshe



Da yawa daga cikinmu a Dutse muke zaune, alhali makarantunmu suna ƙauyukan Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu. Tsohuwar mota ce take kai mu aji kafin a kaɗa ƙararrawa. Idan injinta ya buga, albashin wata guda ba ya biyan kuɗin garambawul. Adashi muke ɗauka, ko mu ci bashi. Saboda haka, ranar da bakanike ya mayar da inji ya ce a tayar, wajibi ne mai mota ya je gareji da ƙafarsa, domin a mintocin farko ake tsira da wannan kuɗi ko a yi asararsa.

Dalili kuwa shi ne, hanyoyin mai na injin da aka haɗa a bushe suke, sabon ringi bai zauna ba tukuna. In ƙarfe ya gogi ƙarfe babu baƙin mai tsakaninsu, aikin mako biyu yana iya lalacewa nan take.

Kafin a murɗa makulli, mu ga an zuba baƙin mai daidai alama, an sa sabuwar filta, an cika lagireto. Mu roƙi bakanike ya cire filogi, ya juya injin da batir har jar fitilar mai ta mutu, sa'an nan ya mayar da su. Kada mu yarda a tayar da turi.

Da ya tashi, ido a kan fitilar mai. In ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, a kashe. Haka kuma in aka ji ƙwanƙwasa, ko allurar zafi ta haura, ko aka ga yoyo a ƙasa. Ɗan hayaƙi na farko ba abin tsoro ba ne, amma kada yaran gareji su danne totur don a ji ruri, kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Bayan mota ta hau titi, kilomita 1,000 na farko na lallaɓawa ne. A riƙa sauya gudu, a guji lodin buhuna daga kasuwar Shuwarin, a jinkirta doguwar tafiya zuwa Kano. A wajen kilomita 800 a zubar da baƙin mai, a sake filta, domin ɓurɓushin ƙarfe yana taruwa a ciki. Lokacin hunturu kuma, a yawaita duba filtar iska saboda ƙura.

Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Haƙurin wata guda ya fi mana sauƙi bisa ga bashi na biyu, da ajin da zai wayi gari babu malami.