Bi Yarima A Sha Kiɗa: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Kalgo

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani matashi a Kalgo, Jihar Kebbi. Ya ce yana salla, yana zuwa aiki, amma zuciyarsa ta yi sanyi, don ya lura duk abin da ya ke yi, ganin mutane na yi ne ya sa. Ya ce, shin laifi ne mutum ya tsaya ya tambayi kansa?

To, Malam, ba laifi ba ne, kuma ba kanka farau ba. A ƙasar Danmak an yi wani masani Kirista, Soren Kiyakigad, wanda ya rasu a 1855. A 1846 ya koka cewa mutanen zamaninsa sun iya lissafi da surutu, amma babu zafin zuciya, kowa ya fake a bayan jama'a. A ganinsa imani ba ya aruwa, sai mutum ya ɗauki nauyinsa da kansa.

Amma ba sai mun je Turai ba. Dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya ga son mulki da dukiya ya fara cin zukatan waɗansu 'yan jihadi. Sai ya bar rundunar, shi da abokan tafiya kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Ka ji fa, ƙanen Shehu ne kuma wazirinsa, amma yawan jama'a bai rufe masa ido ba.

Sai dai lura da abin da ya biyo baya. Da ya isa Kano, mutane suka roƙe shi ya tsaya. Ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda a ke mulki da adalci, sannan ya komo gida ya ci gaba da hidima har rasuwarsa a 1829.

Saboda haka, Malam, kada ka bar sahu, kada kuma ka raina mutane. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ban da wajen niyya, wannan taka ce kai kaɗai. Gobe kafin ka ta da kabbara, dakata kaɗan ka tambayi zuciyarka don wa ka tsaya.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.