Haƙƙin Wanda Ya Ji Rauni Tsakanin Doka, Inshora da Al'adar Yafewa

Biyan diyya ga wanda aka jikkata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka, irin su Risala da Muhtasar, sun daɗe da fayyace shi gaɓa bayan gaɓa: cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinare 1,000, hannu ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori kuwa 5. Abin da ake biya kan rauni shi ake kira arshi, kuma idan kuskure ne, ya kai sulusin diyya, aƙila ce ke ɗaukarsa, wato dangin mai laifin ta wajen uba, don kada nauyin ya karya mutum guda. Wannan raba nauyi a kan jama'a shi ne tushen tunanin inshora, shi ya sa abin takaici ne a ce wanda inji ya datse wa yatsu yana ganin neman haƙƙinsa tamkar jayayya da ƙaddara ne.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata a Nijeriya ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Babban sauyin da ta kawo shi ne ba a buƙatar ma'aikaci ya tabbatar da sakacin ubangidansa. Ya wadatar a nuna cewa raunin ya auku a bakin aiki, ko a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Wanda naƙasa ta hana shi aiki kwata-kwata yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Dokar ba ta tsaya kan masu takardar ɗauka aiki ba, ta haɗa da lebura na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida, ko da yarjejeniyar ta baka ce.

Sai dai haƙƙin yana da wa'adi, kuma a nan ne akasari yake salwanta. Dole ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai wurin aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Abin da aka saba gani kuwa shi ne a biya kuɗin ɗinki da allura, a danƙa wa majinyaci 'yan kuɗin magani yana kwance, a miƙa masa takarda ya dangwala, dangi su ce an bar wa Allah. Dokar ta soke duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi ta sarayar da diyyarsa, amma wanda bai san haka ba, zai koma gida da dungulmi, wa'adi ya wuce yana zaton magana ta ƙare. Yafewa ɗabi'a ce mai daraja, amma tana da ma'ana ne kawai idan mai yin ta ya san girman abin da yake bari, ya kuma san cewa kuɗin daga asusu za su fito, ba daga aljihun maigidan da yake jin nauyi ba.

A kan hanya ma lamarin haka yake. Tun daga dokar 1945 aka wajabta inshorar ɓangare na uku, wato wadda ke biyan mutumin da abin hawa ya yi wa ɓarna, ba mai motar ba. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar biyan asarar dukiya zuwa naira miliyan 3. Matsalar ita ce direbobi da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda a shinge, don haka sukan saya a hannun 'yan kamasho ba tare da duba ko akwai kamfani a bayanta ba, alhali ana iya tantance ta da lambar mota a rumbun bayanan NIID. Wanda aka buge yana buƙatar lambar motar, da rahoton 'yan sanda, da rahoton likita mai bayyana girman naƙasar, da rasitan asibiti, domin kamfani ba ya biya da shaidar baki kawai. Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba kuwa suna da takaful, tsarin taimakekeniya da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke gudanar da shi.