Haƙoran aksul da girman taya: lissafin motar daji da hamada



Motar da za ta tashi daga Agadas ta ratsa Tenere zuwa Dirku, da wadda za ta kai taki ƙauye a tsakiyar damina, yawanci ɗaya ce daga cikin biyu: ko Hilux, ko Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984. Da zarar mai irin wannan mota ya sami sarari, abin da yake fara saya shi ne manyan tayoyi. Yana da hujja, domin babbar taya tana ɗaga cikin mota daga ƙasa, tana kuma shimfiɗuwa a kan yashi. Sai dai ba a jimawa ake jin kuka: mota ta yi sanyi, ba ta hawa tudu sai da giya biyu, kuloci yana ƙauri. Daga nan a kwance famfo, a canja nozul, a zargi mai sayar da mai. Alhali injin lafiyarsa ƙalau, maganar tana can ƙasa, a cikin aksul.

A tsakiyar kowane aksul akwai ƙarafa biyu masu haƙora da suke cizon juna. Ƙaramin, finiyan, shi farfela take juyawa. Babban, kurawun, shi yake juya tayoyi. Idan kurawun yana da haƙora 41, finiyan yana da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan lamba ita ce ma'aunin aksul. Haƙora 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 suna ba da 4.56, 39 da 8 suna ba da 4.88, 37 da 7 kuwa 5.29. Duk lokacin da lambar ta hau, ƙarfin ja yana ƙaruwa, gudu yana raguwa, kamar mai keke da ya mayar da sarƙa kan babban faranti na baya don ya hau gangare.

Masu ƙera mota sun zaɓi lambar ne bisa tayar da suka sa mata. Mutumin da ya cire taya mai tsayin inci 31 ya sa mai inci 35 ya ƙara kusan kashi 13 cikin ɗari a kan nisan da mota take ci a kowane zagaye, ƙarfin da yake isa ƙasa kuma ya ragu da kusan kashi 11. Agogon gudu ma sai ya fara ƙarya: yana nuna 80, mota tana gudun kilomita 90 a awa. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, an san shi da juriya, amma dawakinsa kusan 130 ne kacal, ba turbo. Irin wannan inji ba shi da rarar da zai yi asarar kashi 11, balle an lafta wa motar durom na mai da na ruwa da fasinja.

Lissafin gyaran ba shi da wuya. A ninka tsohuwar lamba da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. Wato 4.10 sau 35, a raba da 31, ya ba da 4.63. Ba kasafai ake samun 4.63 ba, saboda haka zaɓi ya rage tsakanin 4.56 da 4.88. A gudun kilomita 100 a giya huɗu, inji yana juyi kusan 2,760 a minti da tsohuwar taya. Da babbar taya sai ya faɗo zuwa 2,450. Lamba 4.56 tana mayar da shi 2,720, kusan inda ya taso, 4.88 kuma tana kai shi 2,900. Motar da rabin rayuwarta a kwalta take, 4.56 ya ishe ta. Wadda kullum cikin lodi take, a laka ko a tudun yashi, 4.88 ya fi mata, in dai mai ita ya yarda da ƙarar inji da ƙarin shan mai a doguwar hanya. Kamfanin Jeep ma haka ya yi: Wrangler Rubicon an saba fitar da ita da 4.10, amma da aka ba ta taya mai inci 35 daga masana'anta a 2021, sai aka haɗa ta da 4.56.

Akwai abin da bai kamata a kwaikwaya daga Amurka ido rufe ba. Masu wasan hawan duwatsu a Moab ta jihar Utah suna so mota ta yi rarrafe, shi ya sa suke ninka giya ɗaya da ƙaramar giyar akwatin raba ƙarfi da lambar aksul, har su sami 73 ko fiye. Dutse yana son sannu. Yashi kuwa yana son mota ta zo da gudunta ta riƙe shi; taya mai ƙarfin juyi fiye da kima haƙa rami take yi ta binne kanta. Direban hamada ya fi cin riba da rage iskar taya zuwa kusan rabi kafin ya shiga rairayi, sannan ya mayar da ita idan ya fito ƙasa mai tauri. Ga kuma wani haɗari: finiyan mai haƙora 7 ya fi mai 10 ƙanƙanta, haƙoran da suke ɗaukar nauyi a lokaci guda kaɗan ne. Karyewarsa a bayan gari ɓacin rana ne. Karyewarsa a tsakiyar Tenere magana ce ta rai.

Kuskuren da ya fi ɓarna ba a wajen ƙarin ƙarfi yake faruwa ba, a wajen gyara ne. Aksul na baya ya lalace, a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo na hannu, ya zauna daram, kowa ya yi murna. Ba wanda ya ƙirga haƙora. Gaba yana 4.30, baya yana 4.10. Muddin tayoyin baya kaɗai suke ja, ba a jin komai. Ranar da aka sa ja huɗu, tayoyin gaba da na baya suna neman gudu daban, bambancin kusan kashi biyar cikin ɗari. Yashi yakan ɓoye laifin domin taya tana sulɓewa, amma a ƙasa mai tauri farfela da akwatin raba ƙarfi ne suke shan murɗa har wani abu ya fashe. Saboda haka duk mai canja lamba, gaba da baya zai canja tare, kuɗin ninki biyu ne.

Gwajin bai fi na minti biyar ba. A ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa, giya a sake, a yi wa farfela alama da alli. A juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga zagayen farfela. Huɗu da ɗan ɗoriya 4.10 ne, huɗu da rabi da ɗan abu 4.56. Idan kayan a kwance suke a gaban mai shago, ƙirga haƙora ya fi komai tabbas.

Sauran ƙarin kaya suna da jeri. Makullin aksul, wanda yake tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, ya fi amfani a baya. A gaba yana taurara sitiyari, yana kuma karya gaɓar da ke bayan taya idan direba ya taka totur a kwana. Babbar taya tana ƙara wa birki da boris aiki, don haka su ma a duba su.

Ɗaura sabon kurawun da finiyan aikin gwani ne. Akwai tazara tsakanin haƙora da ake aunawa da agogo, ba da ido ba, sannan a shafa fenti a ga inda suke haɗuwa. Idan an kuskure, aksul zai riƙa kuka, haƙoran su cinye juna. Bayan an ɗaura, a zuba man giya mai lamba GL-5, a yi tafiya mai sauƙi ba lodi na kimanin kilomita 800, sannan a zubar da man a sa sabo, domin garin ƙarfen da sababbin haƙora suka zubar yana cikinsa.